Darasi: Bushewar Baki da Ɓacin Ɗanɗano ga Wanda Ciwon Daji Ya Yi wa Nisa

A ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi a Nijar, in an je gaida marar lafiya, bayan «ya jiki?» tambayar da ke biyo baya ita ce «yana dai shan fura?» In aka ce yana sha, sai hankali ya kwanta. In aka ce ludayi ɗaya ma ya gagara, sai kowa ya sunkuyar da kai. Da abin da ya wuce maƙogwaro muke auna sauƙi, kuma da gaskiyarmu. Inda muke gazawa shi ne mun fi duba ƙwarya da duba bakin da za a kai wa furar. Darasin yau a kan bakin nan yake, ga mutumin da ciwon daji, wato sankara ko kansa, ya ci ƙarfinsa.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kusan mutum 10,000 ne suka kamu da daji a Nijar, fiye da 7,000 kuma suka rasu da shi. Na nono da na bakin mahaifa da na hanta suna cikin waɗanda suka fi yawa. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin dajin mata kyauta ne, a watan Maris na 2021 kuma aka ƙaddamar da na'urar gashi ta farko, mai ƙona ciwon daji da haske, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, CNLC, a Yamai. Amma kowa ya san hanyar: daga Matankari a sauka Dogon Dutsi, daga can a kama babbar hanya ta Doso, kilomita wajen 270 kafin Yamai, ga kuɗin mota, ga masauki. Akasarin mutanenmu sai ciwo ya bazu suke isa. Ƙarshenta a dawo gida, jinya ta koma hannun matar gida, ko ɗiya, ko ƙanwa, ko suruka. Su ne likitan dare da rana, su kuma aka rubuta wa wannan darasi.

Aikin miyau

Mu fara da gwaji a nan cikin aji. Kowa ya fito da harshensa ya tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ya ɗora ƴan ƙwayoyin sukari a kai, kada ya mayar da shi baki. Ba zai ji zaƙi ba sai miyau ya dawo ya narkar da sukarin. Harshe ba ya gane ɗanɗanon komai sai abin ya narke cikin ruwa.

Yawancin miyau daga wasu manyan ƙulluwa shida yake fitowa, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, daidai inda hangum ke kumbura wa yara, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Mai lafiya yana fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kwana guda bai ma sani ba. Miyau ne ke jiƙa loma ta dunƙule ta wuce, shi ke sa harshe ya juya a yi magana, shi ke wanke haƙora, ya kuma hana ƙwayoyin cuta yin sheƙa a baki.

Harshe ɗanɗano biyar yake ganewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da na biyar wanda ake ji a romon nama da daddawa da dunƙulen Maggi, wanda wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya tantance a 1908. Ƴan ƙwayoyin da ke wannan aiki a harshe ba su da tsawon rai. Cikin kwana 10 zuwa 14 jiki ke sauya su da sababbi. Sauran daɗin abinci, garɗin gyaɗa ko ƙamshin man shanu, hanci ne ke kawo shi. Shi ya sa mai mura ke cewa miya ta yi lami.

Me ke busar da bakin?

Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2001 ya tambayi mutum 120 da daji ya yi wa nisa, ya tarar 78 cikin ɗari suna fama da bushewar baki. A Ingila ke nan, ƙasar danshi. Sai ku ƙiyasta mai kwance a ɗakin kwano a Matankari cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko cikin hunturu lokacin da leɓen mai lafiya ma tsagewa yake yi.

Babban dalili shi ne magunguna. Morfin da tramadol masu kashe zafin ciwo, Buscopan na murɗar ciki, Lasilix mai sa fitsari da ake ba mai kumburi, amitiriftilin, da magungunan mura masu sa barci, duk suna rage miyau. Sai ƙarancin ruwa a jiki saboda amai ko zawo ko zazzaɓi, da numfashi ta baki, da fargaba. Wanda aka yi wa gashi a kai ko a wuya kuwa, ƙulluwan miyaunsa na iya lalacewa har su ƙi komawa yadda suke.

A nan a yi hattara ƙwarai. Kada wanda ya ji wannan ya koma gida ya ɓoye wa marar lafiya maganin zafin ciwo wai don bakinsa ya jiƙe. Bushewar baki tana da dabarun da za mu gani. Azabar daji kuwa a gida ba ta da wani mataimaki kamar maganin nan. In ana zargin wani magani, a tattara dukkan kwalaye a kai wa manjo, wato babban ma'aikacin jinya, a ƙaramin asibitin CSI ya duba, har da waɗanda aka saya hannun ƴan talla a kasuwa, domin sau da yawa cikinsu ake samun wanda ba ya ƙara komai sai bushewa.

Ɗanɗano kuma yakan ɓaci ta hanya uku: ko ya dushe, komai ya zama salam, ko ya juye, zaƙi ya koma ɗaci, ko wani ɗanɗanon ƙarfe ya zauna a baki ko ba a ci komai ba. Maganin daji da ake ƙara wa mutum ta jijiya, wanda ma'aikatan lafiya ke kira shimiyo, yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, na harshe kuwa suna cikinsu. Flagyl ma an san shi da barin ƙarfe a baki. Idan shimiyo ne sanadi, yawanci ɗanɗano na dawowa cikin makonni ko ƴan watanni bayan an gama. Idan ciwon ne da kansa, ba lallai ya dawo duka ba.

Karatu: a zauren jinya

A karanta wannan misali da murya, mutum biyu. Wata dattijuwa ce ke jinyar maigidanta da aka sallamo daga Yamai, manjo ya zo duba shi.

«Inna, sannunku da jinya. Ya ƙarfin jikin Baba?»

«Da godiya, Manjo. Amma ni abin ya ishe ni. Shekara arba'in nike dama mishi hura, yau shina cewa na canja hannu. Na sa sukari ya ce ɗaci. Munka yanka zakara, ko ƙamshi bai son ji.»

«Kun leƙa bakinsa kuwa?»

«Bakinai? Mi za ni gani ciki?»

«Ku matso da fitilar nan. Baba, ku ɗan buɗe. Kun ga harshen ya bushe ya tsattsage? Kun ga fari-farin nan a kumatu da ganɗa? Wannan cuta ce, kuma tana da magani. Hannunku bai canja ba, Inna. Ko wa ya dama furar nan, ɗaci zai ji.»

Wannan magana ta manjo ta ƙarshe ita ce zuciyar darasinmu. Da yawa gidaje sun ɓaci a kan abin da harshe ya jawo. Marar lafiya ya ture ƙwarya, mai girki ta ji an raina wahalarta. Dangin miji su zo dubiya su ji yana cewa abinci na masa ɗaci, sai a fara kallon-kallo. In gidan da kishiya ne, kafin a ankara maganar sammu ta taso, a kwashi kuɗin da za a sayi ƙwai da nono a kai wa mai duba. Ga kuma ɗaya ɓangaren, inda ake ɗora wa marar lafiya laifin taurin kai: «Ka daure ka ci, in ba ka ci ba ina za ka sami ƙarfi?» Ana faɗa da ƙauna, amma wanda kowace loma ke kakare masa a wuya faɗa yake ji.

Akwai gaskiya mai nauyi da ya kamata iyali su sani. Dajin da ya yi nisa yana zuba wasu abubuwa cikin jini masu kashe sha'awar abinci, su kuma zaizaye tsoka. Irin wannan rama ɗura ba ta mayar da ita. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne ɗan abin da mutum zai ci ya ci shi cikin daɗi, ya iya magana da iyalinsa, ya iya zikirinsa harshe bai manne wa ganɗa ba.

A gyara baki kafin a canja miya

Kowace safiya a wanke hannu da sabulu, a haska bakin da fitila ko hasken salula, a duba harshe sama da ƙasa, da kumatu, da dasashi. Ana neman abu uku: bushewa, miki, da fari-fari mai kama da gudajin kindirmo wanda in an goge sai wurin ya yi ja. Wannan na ƙarshe naman gwari ne da ke yaɗuwa idan miyau ya ragu kuma garkuwar jiki ta raunana. Yana sa zafi, yana ɓata ɗanɗano, wani lokaci har ya gangara maƙogwaro. Ma'aikacin lafiya zai rubuta nistatin ko mikonazol ko fulukonazol, inda babu su kuma akan shafa ruwan nan mai launin shunayya da ke rina baki. Cikin ƴan kwanaki akan ga sauƙi.

Ruwan kurkure baki a gida ake haɗa shi. A tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya da bikarbonat cokalin shayi ɗaya, a rufe. Bikarbonat farin gari ne mai araha, ana samunsa a farmasi. Idan babu, gishirin kaɗai ya wadatar. Kada a ce kanwa za ta maye gurbinsa: ta fi shi kaifi, ga ƙasa a cikinta, tana iya ƙona bakin da ya riga ya tsage. A kurkure a tofar bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, har ma kafin a ci, domin baki mai tsabta ya fi jin ɗanɗano. Kullum a haɗa sabo.

Haƙora kuma a goge su da buroshi mai taushi ko asawakin da aka tauna kansa ya yi laushi sosai. Idan dasashi na jini, a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a tsoma cikin ruwan gishirin nan a goge a hankali. Leɓe a shafa masa man kaɗanya. Wanda aka sa wa iskar oksijin kada a shafa masa basilin, don yana kama wuta. Ruwan kurkure baki na kanti mai barasa a ciki a bar shi, ƙara bushewa yake yi.

Ruwan sha ya zauna kusa da hannun marar lafiya dare da rana, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kurɓi ashirin ya fi moɗa guda a tashi ɗaya. Inda ake samun ƙanƙara ta ruwa mai tsabta, a farfasa ta ƙanana ya tsotsa, ko a yanka masa kankana mai sanyi. Wanda ƙulluwansa ke da sauran aiki, tauna cingam marar sukari na tsokano miyau, haka ma tsotson ɗan tsamiya ko kurɓin zoɓo. Sai dai tsami sharaɗi gare shi: in akwai miki a baki, raɗaɗi zai ƙara, a dakata har ya warke. Akwai ƙwaya mai suna pilokarfin da ke ƙara miyau, amma likita ne ke rubuta ta, tana sa gumi, ba ta dace da mai asma ba, ba kuma a ko'ina ake samunta ba.

Goro da taba da shayi mai kauri duk suna ƙara busar da baki, taba ta fi muni, balle wadda ake taunawa da kanwa. Amma dattijon da ya shekara hamsin da goro a kumatu, kwanakinsa kuma suka ƙaranta, ban ga amfanin a yi ta jayayya da shi a kan ɓari guda ba. A goga masa a magogi, ya kurkure baki bayan nan. Maganar azumi kuwa malamai sun gama ta: marar lafiya yana da rangwame, kuma wanda ke wannan hali bai kamata ya wuni ba ruwa ba magani ba.

Tukunya

A nan matan Arewa ba su buƙatar a koya musu girki, sai dai a tuna musu abin da ke hannunsu. Miya mai yauƙi, kuka ko kuɓewa ko karkashi ko lalo, tana yi wa loma aikin da miyau ya kasa. A yi tuwo ruwa-ruwa, loma ƙarama, miya da yawa. Fura a dama ta da kyau a tace, da nonon da bai yi tsami can ba. Kunun gyaɗa, kabewa, da dankalin turawan da ake nomawa a garakan Dutsi da Matankari lokacin sanyi, in an dafa an murƙushe da ɗan man shanu, duk suna wucewa ba gardama. Dambu, ƙuli-ƙuli, kilishi, gasasshen nama da busasshen burodi su ne masu kakarewa, sai in an jiƙa su.

Nama ne ya fi saurin fita ran mai wannan ciwo, musamman jan nama. Wasu ƙarni suke ji, wasu ɗaci. Kada a ɓata rai don an yi asarar kaza. Ƙwai da wake da kifi da nono da gyaɗa suna gina jiki kamar yadda nama ke yi. Mai jin ƙarfe a baki a ajiye masa cokalin ƙarfe, a ba shi ludayin duma ko koshiya. Wanda ƙamshi ke tayar wa zuciya a yi girki nesa da ɗakinsa, a kuma bar abincin ya huce kafin a kai, domin tururi ne ke ɗauke da ƙamshin.

Sauran sai gwaji, don harshen yau ba lallai ya zama na gobe ba. Mai cewa komai salam a ƙara masa daddawa ko albasa ko citta ko ɗigon lemun tsami. Mai jin ɗaci a gwada ɗan zuma. Mai cewa zaƙi ya yi yawa a karya shi da tsami kaɗan. Barkono sai baki ya warke. Gishiri da dunƙule kuwa ba a ƙara wa wanda ciki ko ƙafafu suka tara ruwa, abin da aka saba gani ga mai dajin hanta. Mai ciwon sukari kuma a tambayi manjo kafin zuma. A zuba kaɗan a ƙaramin kwano, sau biyar ko shida a wuni, a tayar da shi zaune. Akushi cike yana karya zuciyar wanda ya san ba zai iya da shi ba. In ya ci loma uku ya ce ya isa, a ɗauke ba tare da ƙorafi ba.

Kwanakin ƙarshe

Lokaci na zuwa da haɗiya ke gagara, barci ya yi yawa. Iyali sukan matsa a yi ƙarin ruwa, suna ganin ƙishirwa ce ke kashe shi. Ma'aikatan da suka ƙware a irin wannan jinya sun lura cewa a wannan gaɓa ƙarin ruwa ba kasafai yake jiƙa baki ba, yana ma iya taruwa a ƙirji ko ƙafafu; shawarar a yi ko a bari ta ma'aikacin lafiya ce tare da iyali. Abin da ke kawo sauƙi shi ne jiƙa bakin kansa. Al'adarmu ta ɗiga wa mai jin jiki ruwa tana da kyau, amma kada a zuba da ludayi ga wanda ba ya haɗiya, zai ƙware ruwan ya faɗa huhu. A kwantar da shi a gefe, a tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwa, a matse kaɗan, a zagaya leɓe da harshe da cikin kumatu, a shafa man kaɗanya. A maimaita kowace awa, ko fiye in yana numfashi ta baki. Aiki ne da jika mai hankali ma zai iya karɓar kakarsa a kai ta runtsa.

Akwai alamun da ba a jira da su: fari-fari ko miki a baki, jinin da ya ƙi tsayawa, kumburi mai zafi a gaban kunne, ƙwarewa duk lokacin da aka sha ruwa, da kasa haɗiye maganin zafin ciwo. Zazzaɓi ga wanda ke kan shimiyo ya fi su duka gaggawa. Ranar nan za a kai shi CSI ko asibitin Dogon Dutsi, da takardunsa na Yamai a hannu.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ba mu ji zaƙin sukari ba a gwajin da muka yi?
2. Wata maƙwabciya ta ce za ta daina ba mijinta morfin don yana busar masa da baki. Me za ku ce mata?
3. Yaushe tsamiya ke taimako, yaushe take cutarwa?
4. Ku tattauna: a garinku, wa ake fara zargi idan marar lafiya ya ce abinci na masa ɗaci? Wa ya fi dacewa ya yi wa dangi bayani?
5. Lissafi: idan ruwan da ke hannu rabin lita ne, gishiri nawa da bikarbonat nawa za a zuba?
6. Kowa ya rubuta yadda ake haɗa ruwan kurkure baki da manyan haruffa a takarda, ya kawo aji mako mai zuwa tare da farashin bikarbonat a farmasi mafi kusa da shi.